Kalma Biyu a Damtsen Bature

Bashir, Aminu, wannan babin ku karanta shi a zaune. Na san abin da kuke faɗa wa matanku da 'ya'yanku idan sun tambayi dalilin da gwaggonsu Ummi ba ta zuwa gida ko da Sallah. Kuna cewa ita ta zaɓi rayuwar Turawa ta juya mana baya. Ban ga laifinku ba, domin a gabana kuka ɗauki wannan labari, na ji ku kuna maimaita shi shekara da shekaru, ban buɗe baki na gyara muku ba. Mahaifiyarku ta san gaskiya, amma ita ba mai tona asirin miji ba ce, ko da a gaban 'ya'yan da ta haifa. Saboda haka ni ya rage in faɗa, tun ina iya riƙe biro.

Kun san sunan ƙanwarku na yanka Hauwa'u ne, sunan mahaifiyata. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Ummi nake ce mata, idan raha ta yi raha in ce Uwata. Ko a makaranta, in malama ta tambayi sunan yarinyar, sai in miƙa mata takarda in nuna da yatsa, ta yi ta kallona kamar wanda ya manta sunan 'yarsa. Ku biyun ƙwallo ce a gabanku tun kuna ƙanana, ita kuwa Ummi a gindina ta tashi. Takan hau cinyata ta riƙa bin tsagar Gobirawan da ke fuskata da ɗan yatsanta tana ƙirgawa, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, sannan ta tura baki ta ce don me ita ba a yi mata ba. Nakan ce mata a Landan babu wanzami. Cikin ku uku ita kaɗai ce ke mayar min da amsa da Hausa, ko da tana yi tana cusa Turanci a tsakiya.

Sai in faɗi wani abu game da kaina wanda kuka sha yi min dariya a kai. A sakandaren da na yi can gida akwai wani tsohon malami da ya rantse sai ya cusa mana Latin, harshen Rumawan dā, wanda yau ko barkono ba za ka saya da shi ba. 'Yan ajinmu suka tsane shi, ni kuwa na kamu. Da na karanci harhaɗa magunguna sai na tarar da shi yana jirana a can, a sunayen magunguna da gajerun alamomin da likitoci ke rubutawa. Na yi shekaru a bayan kanta a wani kemis a Lewisham da wannan harshe a cikina, babu wanda zan yi shi da shi. Idan na jefa wata tsohuwar magana a kan abinci, mahaifiyarku takan ce:

"Alhaji, wannan yaren matattun naka ko gaisuwar maƙwabta ba ya yi. Miƙo kwanonka."

Ummi kuwa hannu Allah ya ba ta. Wurin mahaifiyarku ta koyi lalle, kafin ta gama sakandare amare daga Woolwich har Croydon ita suke nema. Na so ta gaje ni a aikin magani, ta ce zane za ta karanta, musamman zanen haruffa. Na yi 'yan guna-gunina na haƙura. Da ta gama ta kama ɗaki a Deptford, ta ce mana tana zana katin biki da allunan shaguna, kuma ba ƙarya ta yi ba, tana yin su. Kowace Lahadi takan zo gidanmu na Plumstead bayan azahar, ta ci tuwon mahaifiyarta, ta tafi da saura a roba.

A farkon shekarar da nake ba ku labari, wata Lahadi ta share gefen teburin kicin, ta buɗe littafin zanenta ta ce:

"Baba, ina da client da ke son wata magana ta Latin. A intanet ya samo ta. Don Allah duba min, abin da yake tsammani take nufi, shi take nufi?"

Ku zo ku ga yadda tsoho ya gyara zama. Na hau bene na ɗauko ƙamus ɗina mai yagaggen bango, wanda na zo da shi daga gida, na sa tabarau, na yi gyaran murya. Maganar da mutumin ya zaɓa, shi a zatonsa ta jarumta ce, alhali asalinta a wurin shagalin shaye-shaye ake yin ta. Na bayyana mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, muka nemo masa wata da ta fi dacewa. Daga ranar abin ya zama al'ada. Ba ta taɓa faɗa min sunan kowa ba, sai dai labarinsa: wata ta tashi daga doguwar jinya, wani ya fito daga gidan yari yana son ya fara sabuwar rayuwa, wata ta bar ƙasarsu ba ta da ranar komawa. Sai ta ce, wace magana ce ta dace da wannan? Mu yi ta jujjuya ƙamus, mu ɗauki wannan mu ajiye, wani lokaci mu yi gardama har miya ta huce. Tana da tsauri a aikinta. Ba ta yarda mutum ya ɗauki magana don kawai ta yi daɗi a kunne, sai ya san wa ke faɗinta a dā, kuma a wane hali. Idan mun tsayar, ta zana ta sau biyar sau shida a gabana, kowanne da irin haruffansa, ta tambaye ni wanne ya fi kama da mai labarin. Ban ɓoye muku ba, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin daɗin watanni irin waɗannan ba. Tun daga Laraba nake fara ɗokin Lahadi. Ni a zatona allo ne ake yi a rataye a falo. Ban tambaya ba, kuma yanzu ina ganin ban so in tambaya ba ne.

Wajen tsakiyar shekara ta kawo labarin wani mai gyaran famfo da ƙaninsa ya rasu. Tare suka tashi, tare suke aiki a mota ɗaya. Ta ce duk tsofaffin maganganun da ta nuna masa babu wadda ta zauna masa, waɗansu sun cika wa'azi, waɗansu sun cika sanyi. Na rufe ƙamus. Abin da ya faɗo min shi ne sallamar da muke yi idan mun shiga maƙabarta, inda muke gaya wa mamata cewa sun riga mu, mu ma muna nan tafe. Na ɗauki wannan ma'ana na mayar da ita Latin, ta zo a kalma biyu kacal: *Praecessisti, sequar.* Wato ka riga ni, zan biyo ka. Ummi ta rubuta, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tashi ta sumbaci tsakiyar kaina. Ranar har a masallaci sai da aka tambaye ni abin da ya sa nake ta murmushi.

Da sanyi ya fara shigowa, lokacin allurar rigakafin mura, nakan wuni a ɗan ɗakin da ke bayan kemis ina yi wa mutane. Wata safiya wani ƙaton Bature ya shigo da kayan aiki, ya zauna, ya naɗe hannun riga. A zagaye da damtsensa, da baƙar tawada a cikin fata, ga kalmomina biyu. Ko da ban iya karatu ba zan gane hannun, domin wutsiyar harafin ƙarshe ta lanƙwasa kamar yadda mahaifiyarku ke ƙarasa zanen lalle a wuyan hannu. Na tsaya da auduga a hannu. Mutumin ya ga ina kallo, sai ya ɗauka sha'awa ce, ya shiga ba ni labari da Turancinsa na 'yan kudancin Landan.

"Na ƙanina ne," in ji shi. "Wata yarinya ce a Deptford ta zana. Ba ta yarda an sa min allura nan da nan ba. Sai da ta rubuta min shi da wannan jan abin da matanku ke sawa a hannu, ta ce in je in zauna da shi har ya goge, in ina so har lokacin in dawo. Ta ce babanta ne ya zaɓo kalmomin, wai babban masani ne. Ka ga dai, duk safiya in na ɗaga hannu zan ɗauki kaya sai na gan shi."

Na ce masa ya ba ni ɗaya hannun. Na yi masa allurarsa, na manna masa filasta, ya yi godiya ya tafi. Na zauna a kujerar da ya tashi har sai da abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa ta ce layi ya yi tsawo.

Kwana huɗu na yi ina dafa abin a cikina, ban gaya wa kowa ba. Ran Lahadi Ummi ta shigo da sallama da littafinta a hammata, ta durƙusa ta gaishe ni. Mahaifiyarku na tsaye tana kwashe tuwo. Ko hannu ban bari yarinyar ta wanke ba, wannan ma yana cikin abubuwan da ke damuna har yau.

"Wannan rubutun da muke yi, a ina ake sa shi?"

Ba ni ta kalla ba, mahaifiyarta ta kalla. Daga wannan kallon na gane a gidan ni kaɗai ne ban sani ba.

"A jikin mutane, Baba. Tatu ne. Amma ba ni ke riƙe allurar ba, ni design kawai nake yi."

"Watanni nawa kina zuwa kina zaunar da ni, kin mayar da ni ɗan aikin masu huda fatar mutane ban sani ba?"

"Wallahi duk Lahadi da niyyar in faɗa maka nake zuwa. Sai in ga ka riga ka sauko da ƙamus kana jirana, sai in kasa."

"Sallamar da muke yi wa mamatanmu! Ita kika kai aka huda a jikin wanda ko alwala bai sani ba!"

"Baba, mutumin nan tun da aka binne ƙaninsa bai iya ambaton sunansa ba. Ranar da na nuna masa kalmominka ya zauna ya yi kuka, ya ba ni labarinsa tun daga yarinta. Kai ka yi masa wannan, ba ni ba."

Na ce haramun haramun ne, ko da kuka ko babu kuka. Na faɗi maganganu da yawa, murya a sama, har da cewa ta zubar min da mutunci a garin mutane. Ummi ba mai mayar da magana ba ce, amma jinina ne, kuma an kai ta bango. Ta ɗago ido ta ce:

"To kai fa, Baba? Fuskarka fa? Kana jariri aka sa maka aska sau goma sha uku, babu wanda ya tambaye ka. Ni ba na zana wa kowa komai sai na tambaye shi, na sake tambayarsa."

Ba ta san inda ta taɓa ba. A kan cinyar mahaifiyata aka yi min tsagar nan. Ita ta riƙe ni, kuma ta sha gaya min cewa ta fi ni kuka a ranar, amma ta daure don kada ɗanta ya ɓata a duniya a rasa mai gane shi. Sai na ji kamar an ɗaga wa tsohuwar hannu a cikin kabarinta. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Hauwa'u!"

Mahaifiyarku ta saki marar tuwo a ƙasa.

"Innalillahi. Alhaji, sunan uwarka ne fa."

Na ji ta, amma na riga na hau, kuma ni mutum ne da ban iya saukowa a gaban mutane ba. Na ce kada ta sake taka min gida sai ranar da ta bar wannan aiki. Na zaci za ta yi kuka ko ta buga ƙofa, da hakan ya fi min sauƙi. Sai ta ɗauki littafinta, ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ta saba, ta ce:

"Na tafi, Baba. A huta lafiya."

Da kuka zo da yamma kuka tarar da gida babu daɗi, na ce muku ƙanwarku ta zaɓi hanyarta. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ku kuka ƙarasa sauran da kanku.

Kada ku yi zaton na canza ra'ayi a kan tatu. Abin da na karanta wurin malamaina shi ne bai halatta ba, kuma a kan haka zan koma ga Ubangijina. Amma na zauna na binciki fushin nan nawa, na tarar da wanda aka yi don Allah a cikinsa kaɗan ne. Mafi yawansa kunya ce, ta abin da za a ce a masallaci idan aka ji 'yar Alhaji Garba na aiki da masu zanen jiki. Sauran kuma ciwo ne irin na tsoho da ya ga an yi wasa da hankalinsa, ya yi ta baje ilimi yana fasa kai, ashe ana tausaya masa ne. Da ina da hankalin da nake tsammani ina da shi, da na ce mata ba zan ƙara taimaka miki a wannan ba, kuma ina yi miki addu'a ki bar shi, amma zauna ki ci tuwonki. Mutum na iya riƙe addininsa ya riƙe 'yarsa, hannu biyu Allah ya ba shi. Wannan ban gane shi ba sai da aka makara.

Mahaifiyarku ba ta yi faɗa da ni ba. Kowace Lahadi dai sai ta zuba rabon Ummi a roba, ta ɗaure a leda, ta yafa mayafi ta nufi tashar bas. Ran farko ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Ba ka hana ni ba, Alhaji, kuma ina roƙonka kada ka hana, don kada in saɓa maka."

In ta dawo ba na tambaya, ita ma ba ta cewa komai, sai dai ta yi ta magana da tukwane yadda zan ji. Wai yarinya ta rame. Wai hitar da ke ɗumama mata ɗaki ba ta aiki sosai. Wata rana tana wanke-wanke, bayanta gare ni, ta ce:

"Ko ɗigon tawada babu a jikin yarinyar nan, na duba da idona. Salla kuma ba ta wuce ta. Da ka tambaya da an gaya maka."

Na yi kamar ina karanta jarida. Lahadi ta zame min ranar da ta fi kowace tsawo. Nakan ji motsi a ƙofa in ɗaga kai, ashe masu jefa takardun talla ne.

Kun tuna maƙwabcinmu Baba Lasisi, Bayaraben nan da ya tashi a Zariya, wanda ba ya ganina sai ya ce ga bawansa Bagobiri. Shi ne ya tare ni wata safiya muna fitar da shara.

"Bagobiri, ina 'yarmu? Na kwana biyu ban ga ta zo ba."

Na ce tana nan lafiya, aiki ne ya yi mata yawa. Ya dube ni ya girgiza kai, ashe matarsa ta ji komai wurin mahaifiyarku.

"Kai da aka yi wa fuska kamar gonar da aka gama huɗa, kai ne kake faɗa da zane? Ka ji tsoron Allah, bawana. Je ka ka ga yarinyar nan. Mu da muka baro gida, in ba 'ya'yan nan ba wa muke da shi a nan?"

Na ce masa Bayarabe bai isa ya koya wa ubangidansa zaman duniya ba, muka yi dariya. Amma maganar ta bi ni har cikin gida, ta ƙi barina.

Sai da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, sannan na yi ta maza. Wata Talata da ba ni da aiki na ce wa mahaifiyarku zan je duba wani abokina. Na tsaya a kasuwa na zaɓi mangwaro guda shida, irin mai zare da Ummi ke so, na sa a jakata. Bas biyu na hau zuwa Deptford. A hanya na shirya abin da zan faɗa tsaf, na maimaita shi har na haddace: Uwata, na yi kuskure, ki zo gida ran Lahadi.

Shagon masu allurar tatun a ƙasa yake, na wuce shi ban waiwaya ba. Ɗakinta na sama, ƙofar a buɗe, ƙanshin lalle har kan matakala. Na tarar tana da baƙuwa, sai na zauna a wani benci a waje, inda nake jin su ba su ganina. Wata mata ce mai furfura, tana ba Ummi haƙuri. Ta ce rubutun lallen ya goge, kuma ta ga ba ta bukatar a yi mata na allura, makonnin da ta yi tana kallonsa a hannunta sun ishe ta. Na kasa kunne in ji 'yata za ta lallashe ta, tunda ciniki ne zai tafi. Sai na ji ta ce da murna a muryarta:

"Shi ke nan, ya gama aikinsa. Da yawa haka suke yi. Ki tafi da takardar, taki ce."

Matar ta fito tana share ido, Ummi ta rako ta, sai ga ni a kan benci da jaka a cinya. Ta yi turus. Sannan ta durƙusa a nan kan matakala.

"Baba. Sannu da zuwa. Lafiya dai? Mama fa?"

Na ce kowa lafiya. Ta shigar da ni, ta ba ni kujera mai kyau, ta haɗa min shayi yadda nake sha, ba ta manta ba. Bangon ɗakin cike yake da takardu, waɗansu na gane su, a teburin kicin ɗinmu aka haife su. Ta zauna a gabana ta ɗora hannaye a cinya tana jira. Na gane haka take yi wa masu zuwa wurinta, ta ba mutum fili har ya fito da abin da ya kawo shi. Maganar da na haddace ta ƙi fitowa. Na kalli taga, na kalli hita, na ji bakina yana cewa:

"Wucewa na zo yi. Akwai wanda zan gani a nan kusa, na ce bari in leƙo."

"To, Baba," in ji ta.

Ta ƙara jira. Na tambaye ta ko an gyara hitar, ta ce an gyara. Na tambaya ko tagar na rufuwa da kyau, ta ce tana rufuwa. Na sha rabin shayin na ce kada in makara. Ta ɗauki mayafinta ta raka ni tashar bas, muna tafe kafaɗarta na ɗan gogar tawa. Muna tsaye sai ta ce, idonta a kan titi:

"An yi min offer ɗin aiki a Kanada. Wani kamfanin zanen haruffa ne. Ban ba su amsa ba tukuna, ina ta tunani."

Sai ta juyo ta kalle ni. Na san wannan kallon, shi take yi min tun tana ƙarama in tana son abu tana jin nauyin roƙa. Ni kuwa sai na ce:

"Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri."

Ta ce amin. Bas ta zo, na hau. Ta tagar baya na ga tana tsaye inda na bar ta har muka sha kwana. Sai da muka kai Greenwich na ji nauyin jakar a cinyata.

Kafin ƙarshen bazara ta tafi. Sauran kun sani: ta yi aure a can, Bashir ne ya je ya tsaya a madadina don na ce gwiwata ba za ta iya doguwar tafiya ba. Ta haifi 'ya mace da ban taɓa ɗauka ba. Duk Lahadi bayan la'asar takan kira mahaifiyarku ta waya mai hoto, su yi ta hira a kicin. Ni nakan zauna a falo in rage ƙarar talabijin, in bar ƙofa a buɗe. Daga ƙarshe a miƙo min wayar, ta ce ina wuni Baba, in ce lafiya lau, ya aiki, ya yarinya, ta ce alhamdu lillahi, in mayar da waya. Ba ta taɓa yi min rashin ladabi ba. Dokar da na kafa a kicin ɗin nan ce take bi har yau, domin ban taɓa buɗe baki na janye ta ba, ita kuma 'yar gidan da ba a tsallake maganar uba ce. Ina kewarta, kewar da ke hana ni jin ɗanɗanon abinci. Ba ita ta juya mana baya ba. Ni na kore ta, kuma da ta ba ni dama in dawo da ita, na tsaya tambayar hita.

Aminu, kai ka iya waɗannan abubuwa. Ka ɗauki hoton shafukan nan ka tura mata, kada ka jira sai na gama littafin, domin ban san ko zan gama ba. Abin da ya rage nata ne.

Ummi, Uwata. Ba ni da kowa a Deptford, ban taɓa sanin kowa a can ba sai ke. Ba wucewa na zo yi ba, wurinki na zo, kuma mangwaron da ke cikin jakar naki ne. Maganar da na yi a kan taka gidana na janye ta, na janye ta a gaban yayyenki da duk wanda zai karanta wannan. Ki yafe min sunan da na kira. Tambayar da kika yi min da ido a tashar bas na gane ta sarai, na kuma san amsarta tun a lokacin. Cewa zan yi kada ki tafi.